Damin Gonar Fako

Da sunan Allah nake farawa, wanda ya ja mini rai har na riƙe alƙalami da hannun da ya tsufa bisa taɓarya. Wanga babi na gonar fako ne, kuma don ku na rubuta shi, ɗiyana da jikokina. Ran nan wurin wani suna ina zaune bayan darni, na ji jikata tana gaya wa ƙawarta wai kakarsu ce ta tuge itacen Bature don baƙin hali, shi da ya zo taimakonmu. Ban yi mata faɗa ba, abin da ta ji ne ta maimaita. Amma tunda magana ta kai bakin yara, to ku ji ta daga bakin mai ita. Na tuge itacen, ba ƙarya anka yi mini ba. In anka maido ni wannan rana, zan sake tugewa.

Baturen da matarshi sun zo garinmu da rani, bayan babbar yunwa, shekarar da soja sunka karɓi mulki. Tsohuwar mota ce ta kawo su ta hanyar Tama, akwatuna ɗaure bisa kanta. Mun ɗauka Faransawa ne, sunka ce a'a, su mutanen Ingila ne, tun suna da ƙuruciya suke Najeriya suna noma da koyarwa, can gashinsu ya fara fari. Hausarsu ta Kano ce, in sun buɗe baki sai yara su rufe nasu suna dariya. Sunayen da iyayensu sunka raɗa masu ba su zauna a bakinmu ba. Matar munka ce mata Jummai don ran Juma'a ta sauka. Mijin kuwa sai daga baya ya samu nashi, Ɗan Fako. Maigari ya ba su wani kango a bakin gari, sunka gyara da hannunsu, sunka shiga.

A bakin rijiya kowa da nashi zance. Wasu sun ce zinariya sunka gano cikin duwatsunmu. Wasu sun ce komanda ne ya turo su daga Buza su ƙirga mutane da bisashe saboda lanho, wato haraji. Liman ya ce addini ne, a kula da yara. Ni ban ce komai ba sai abu guda: banza ba ta kai zomo kasuwa. Mutum ya baro ƙasar da anka ce ruwa ba ya ɗaukewa, ya zo inda mazanmu ke gudu zuwa Abijan biɗa, to ko koro shi anka yi, ko wani abu yake farauta. Kuma ni na tashi hannun kakata, wadda ta ga zamanin da masu raƙuma na arewa ke da iko da ƙasar nan. Ta sha gaya mini cewa gonar ubanta ba da takobi anka karɓe ta ba. Wani babban mutum ne ya roƙi wurin kafa turke. Turke ya zama bukka, bukka ta zama rijiya, ranar da anka tuna da maganar gona babu wanda ya shaida. Da wanga labari a kunne na girma.

Lokacin babanku yana Abijan. Ya bar ni a gidan gado da ku uku: wanku da ba ni faɗin sunanshi, da Hadiza, da Illa a goye. Cikin gidan akwai uwarshi, Iya, ta tsufa idonta ya yi hazo, da wanshi Baba Abdu da iyalinshi. Sa'adda tsohonsu ya rasu anka raba gonaki, Baba Abdu ya ɗauki ta fadama, babanku ya samu 'yar jigawa da fakon da ke jikin dutse. Ku da kunka tashi kunka ga hatsi a wurin ba za ku gane abin da ake ce wa fako ba. Ƙasa ce ja, mai tauri kamar daɓe, ruwa in ya sauka bisa kanta sai ya wuce bai ko gaishe ta ba. Ko akuya ba ta tsayawa. Amma namu ne. Dattawan da sunka shaidi rabon kuwa, biyu yunwa ta tafi da su, ba wanda ya rage sai Iya.

Wata safiya ina daka Baba Abdu ya tsaya bakin ƙofa, ya ce mini a tsaitsaye Bature ya roƙi maigari ƙasa mafi muni a garin don ya gwada wani aiki, shi kuma ya ba shi aron fako. Na aje taɓarya. Na tambaye shi fakon wa.

"Na gidanmu mana, Habsu. Ko kina da abin da kike shukawa can ban sani ba?"

Na ce, "Yaya, gidanmu yana da fako guda, kuma yana da mai shi."

Ya yi dariya ya ce in mai shi ya dawo daga Abijan ya zo ya karɓi duwatsunshi. Iya daga ɗaki ta ce in yi haƙuri, aro ne, aro kuwa yana da ƙa'ida. Ƙa'idar kowa ya san ta a Adar, ko yaron da bai fara azumi ba. Wanda ya ari gona yana noma yana ci, amma in kaka ta yi zai kai dami guda ƙofar mai gona, da rana, mutane na gani. Ba don cikin mai gona ba, don idon gari. Kuma ba ya haƙa rijiya, ba ya gini, ba ya dasa icce. Icce shaida ne. Wanda ya dasa, shi ke da ƙasa. Na ce to, mu ga ko Bature ya san ƙa'ida.

Daga ranar na canza hanyar itacena, na koma bi ta jikin dutse. Kullum ina ganinshi. Shi da jaki da mangala, yana tsintar duwatsu yana jera su layi layi a gicciye, yana auna ƙasa da wani dogon tiyo mai ruwa a ciki. Ya gama wannan ya kama haƙa 'yan ramuka, tassa, kowane kamar girman ƙwarya, yana zuba kashin awaki a ciki. Cikin zafin bazara, fatarshi ta yi ja ta sale kamar ƙadangare. Maza na zaune inuwa suna cewa Allah ya kawo mana mahaukacin da ke wa fako sakiya. Ni ban yi dariya ba. Na tsaya ina duba ko zai ɗauki wani dutse ya sa aljihu. Sau da yawa ya ɗaga kai ya ce mini sannu da aiki, in amsa a taƙaice in wuce. Jummai ita kuma ta buɗe zaurenta, tana wanke gyambo, tana ɗiga wa yara maganin ido, da la'asar ta shimfiɗa tabarma ta ce duk macen da ke son karatu ta zo. Ban je ba. Na hana Hadiza zuwa.

Ruwa ya sauka, ba mai yawa ba. Sai ga ramukan sun riƙe shi. Hatsi ya fito cikin kowace tassa tsanwa shar, fako ya yi gashi. Masu dariya sunka fara zagayawa da yamma, hannu a baya, wai iska suke sha. Baba Abdu kuwa ya fi kowa zuwa. Ya zama shi ne mai rakiya, shi ne mai bayani, in baƙo ya zo kallo daga Tabotaki ko Madawa shi ke gaba yana nuna layin duwatsu kamar shi ya jera. A bakinshi na fara jin ana cewa gonar Bature. Na ce a raina, turke ya kafu.

Da kaka ta yi anka yanke hatsi. Ina bakin ƙofa na hango Ɗan Fako tafe da jaki, dami bisa kai, mai kyau, zangarku manya. Gabana ya kwanta, na ce ashe ya sani. Har na gyara zane. Ya zo ya gaishe ni da fara'a, ya wuce ni, ya sauke dami ƙofar sashen Baba Abdu. Mutane na zaune bakin masallaci suna gani. Baba Abdu ya fito yana sa albarka da ƙarfi don na nesa su ji.

Washegari sai ga Jummai da babbar tasa cike da hatsi sussukakke. Sun rabe sauran amfanin gonar kaf ga gidajen da ba namiji, ni kuma sun ware mini kashi mafi yawa don ina da goyo. Ta sauke gabana tana murmushi. Rumbuna a lokacin ko rabi bai kai ba, jigawa ba ta yi ba, babanku bai aiko ko dala ba tun da damina ta kama. Na dubi hatsin. Na ji Illa yana motsi a bayana.

Na ce, "Madan, wannan mi ne?"

Ta ce kyauta ce, don yara.

Na ce, "Ɗauki abinki. Ni ba sadaka nake bi ba."

Ta tsaya ta yi fari fat, ta ɗauka ta fita. Ba ta gane ba, ni kuma ban yi mata bayani ba, don a zatona ta sani sarai. In na karɓi hatsin fako da sunan sadaka, bayan dami ya shiga ƙofar wani, to na shaida da bakina cewa ni almajira ce a gonar mijina. Ran nan gida ya kama da wuta. Matar Baba Abdu ta ce girman kai da yunwa ba su zama ɗaki guda. Iya ta kira ni ta ce, ke Habsu, cikin yara bai san fushi ba. Gaskiya ta faɗa. Wannan rani kun sha kunun dusa da tafasa, na yi wa mutane sussuka da ɗiban ruwa, na sayar da 'yan kunnen aurena. Wanku ya taɓa tambayata don mi mu kaɗai ba mu ci hatsin Bature ba. Na ce mashi don namu ne. Ya dube ni kamar na zautu.

Cikin bazara wani ɗan garinmu ya dawo daga Abijan da jakar babanku da labarin rasuwarshi. Zazzaɓi ne, kwana kaɗan. Allah ya jiƙanshi, mutum ne mai sanyi, bai taɓa ɗaga mini hannu ba. Na shiga takaba. Jummai ta zo gaisuwa, ta tuɓe takalmi tun daga waje, ta zauna ƙasa cikin mata, ta daɗe ba ta ce komai ba, kamar yadda ake yi. Na lura da wannan. Na ce wadda ta san ƙa'idar zaman makoki haka, ba za a ce ba ta san ƙa'idar dami ba. Zargina ya ƙaru.

Ina cikin ɗaki damina ta kama. Ba ni fita, amma darni ba ya tare magana. Na ji Baba Abdu yana gaya wa wani baƙo cewa in Bature ya tashi komawa, gona za ta dawo hannun wanda ya ba da aro, marayu kuwa ai shi ne ubansu, abin da ya samu su ma sun samu. Na san irin wannan samu. Na gan shi a gidaje da yawa, inda maraya ke noma gonar ubanshi a matsayin bara.

Ranar da na fita takaba, na yi wanka, na sa sabon zane, ban je gidan kowa godiya ba, na miƙe jikin dutse. Hatsi ya kai gwiwa. A gefen gabas kuma, inda iska ke shigowa, ga layi biyu na 'yan itatuwa, dogon yaro da bagaruwa, kowane an kewaye shi da ƙaya, an yi mashi ɗan gurbi na ruwa. Daga wannan kusurwa har waccan. Na tsaya ina kallo. Dami ya tafi ƙofar wani, mai gona ya mutu, ga icce ya kafu. Saura rijiya.

Na koma gida na ɗauko kalme, fartanyar haƙa, da babbar tasa. Da rana tsaka na yi, kowa na gona, kowa na gani, don ni ba ɓarauniya ba ce. Kuma ku ji wannan da kyau, tunda shi ne ake cirewa in ana ba da labari: ban karya ko guda ba. Kowane na haƙe shi da ƙasarshi, na jera cikin tasa, na ɗauka a kai na kai ƙofar gidansu, na aje a inuwa, na yayyafa ruwa, na koma. Haka na yi ta sawu har na gama layi biyu. Ɗan Fako ya tafi Madawa ran nan. Jummai ce ta fito, ta ga ƙofarta ta zama kurmi. Ban taɓa ganin ta yi fushi ba sai ranar. Ta ce mijinta daga ƙwaya ya raini itatuwan nan, tun rani yake ɗauko masu ruwa daga rijiya da kafaɗarshi, mi ya yi mini da zan yi mashi haka.

Na ce, "Ga 'ya'yanshi nan na maido mashi da rai. Ya bar mini nawa."

Kafin la'asar Baba Abdu ya kai ƙara wurin maigari, yana cewa zai tafi Buza ya kira masu gandun daji su ɗaure ni, na kunyata gari gaban baƙo. Washegari anka taru ƙofar maigari. Mace ba ta zama nan, sai dai wani ya yi magana a madadinta. Wanda zai yi a madadina kuwa shi ne ya kai ni. Don haka na zo da kaina, na durƙusa can gefe. Ɗan Fako na zaune bisa buzu, fuska a murtuke, bai dube ni ba. Baba Abdu ya yi magana mai tsawo, ya ce mutuwa ta taɓa mini hankali. Maigari ya juyo ya ce, Habsu, mi ya kai ki.

Na ce, "Ranka ya daɗe, tambaya nake da ita. A garin nan wanda ya ari gona yana dasa icce?"

Maigari ya ce ba ya dasawa.

"Dami kuma ƙofar wa ake kai shi?"

Ya ce ƙofar mai gona.

Na ce, "To ni ban san Turanci ba, amma na ga inda dami ya shiga, na ga abin da anka dasa. In an sayar da gonar marayu a gaya mini nawa, in san abin da zan gaya masu in sun girma."

Sai lokacin Ɗan Fako ya ɗago. Ya dubi maigari, ya dubi Baba Abdu, ya tambaya a hankali da Hausarshi ta Kano ko gonar ba ta Malam Abdu ba ce. Ya ce shi da kanshi ya tambayi abin da ake yi wa mai ba da aro, anka ce mashi dami guda, ya kai inda anka nuna mashi. Maganar icce kuwa ya ce a inda ya fito wanda ya ari wuri ya dasa icce godiya ake mashi, kuma wata biyu yana dasawa mutane na wucewa suna ce mashi sannu da aiki, don mi babu wanda ya tsayar da shi. Maigari ya sosa gemu ya ce baƙo ne, kuma babba, an ji nauyi. Na ce a raina, nauyin baƙo ya fi na maraya ke nan.

Baba Abdu ya ce ai ba a taɓa raba fako ba, na gida ne, wa ya shaida. Maigari ya aiki dattawa biyu wurin Iya. Na san abin da anka ɗora mata. Ɗa guda ya rage mata a duniya, shi ke ciyar da ita, a ɗakin da ya gina mata take kwana. Ban sa rai ba. Da sunka dawo, babbansu ya zauna, ya gyara rawani, ya ce ga abin da tsohuwa ta faɗa:

"Ni na haife su duka biyu, guda yana ƙasa, ni ma can za ni. Fako na mamaci ne."

Baba Abdu ya tashi ya kaɗe riga ya tafi, bai yi sallama ba.

Magana ba ta ƙare nan ba. Ɗan Fako ya ce ya ji, ya yi kuskure, amma in babu itatuwa a gabas iska za ta kwashe ƙasar da duwatsu sunka tara, aikin shekara biyu ya tafi. Ya ce zai rantse gaban kowa ba ya son ko taƙi guda na ƙasar nan, in ana so ma ya rubuta. Na ce rantsuwa da mai ita take mutuwa, takarda kuma gara na ci, icce ko yana nan. Maigari ya ce to mi kike so. Tun daren jiya na san amsa.

Na ce, "Ni zan dasa. Da hannuna, da sunan ɗiyana, dattawa na tsaye. Shi in yana so ya ɗauko ruwa."

Wani ya yi dariya a baya, ya ce yau Bature ya zama ɗan ga-ruwa. Ɗan Fako bai yi dariya ba. Ya ce ya yarda. Haka anka yi. Na maida kowane icce raminshi, liman da dattawa biyu na tsaye cikin rana, shi yana bina da garwa, yana cewa in danne ƙasa da kyau, ina cewa kafin a haife shi kakata ke dashe. Kusan rabi sun mutu, sun sha wuyar tugewa. Na ga yadda yake tsayawa kan waɗanda sunka bushe. Shekara guda cur gaisuwarmu ba ta wuce lafiya lau ba. Ya ji ciwon zargin da na yi mashi, ni kuma ban ba shi haƙuri ba, don ban ga laifina ba.

Da kaka ta zagayo bai ɗauko jaki ba. A kanshi ya ɗauko dami, ya bi ta gaban masallaci lokacin da ake fitowa azahar, ya zo ya sauke ƙofata, ya ce da ƙarfi ga damin mai gona. Na fito na karɓa. Daren nan kun ci tuwon fako.

Abin da ya ci mini kuwa, kun san wani, ba ku san wani ba. Baba Abdu ya sa darni tsakanin sashenmu da nashi. Har ya koma ga Allah bai sake kiran sunana ba. Gayya in na kira, gidanshi babu mai zuwa. Ran auren Hadiza shi ya kamata ya ba da ita, ya ce yana da tafiya Keita. Abin da ya fi ci mini rai shi ne Iya. Ya rage shiga ɗakinta, ita kuma ba ta taɓa cewa uffan ba. Ni na yi jinyarta har ƙarshe, amma ni ba ɗanta ba ce, kuma na san wa take saurare in ta ji takun mutum a tsakar gida.

Tabarmar Jummai kuwa na hau ta bayan shekara biyu, na wuce arba'in. Ba don so ba. Na ga an fara zuwa da takardu ana cewa a dangwala yatsa, na ce ba za a dangwala nawa kan abin da ban karanta ba. Ta koya mini, ba ta taɓa tada maganar itatuwa ba. Tana da zafin hannu in kin juya harafi, ni ma ina da baki, mun sha yi. Ita ta zauna kan Illa kwana da kwanaki lokacin da ƙyanda ta kusa ɗauke shi. Duk da haka kowane littafi ta ba ni sai na kai wa liman ya duba. Ta sani. Wata rana ma da kanta ta ce in kai mashi wannan, sabo ne.

Yunwa ta biyu da ta zo, gari ya watse, wasu sunka yi kudu da tabarminsu. Su ba su tafi ba, ko da 'yan'uwansu sunka aiko su koma. Lokacin rabin garin ya koyi tassa, waɗanda sunka yi sun samu abin da za su lasa. A shekarar, damin da Ɗan Fako ya kawo mini, yaro ma zai ɗauka da hannu guda. Na ce ya bar shi bana, kowa ya sani. Ya ce a'a, Habsu, ke kinka koya mini, ba don ciki ba ne. Kuma ya bi ta gaban masallaci.

Ya rasu da sanyi, shekaru kaɗan bayan wannan, ya faɗi cikin gonar da kalme a hannu. Maƙabartarmu ba ta karɓar shi, ta mutanensu kuma tana da nisa. Da hantsi sai ga Jummai ƙofata, ta tsufa a dare guda, ba ita kaɗai ba, ta zo da maigari da liman. Ta durƙusa. Ta ce ta san abin da kabari yake nufi a gonar aro, ya fi icce, ya fi rijiya, shi ya sa ta zo da shaidu. Yana son wurin, in na ce a'a ba za ta riƙe ni ba, za ta nemi mota. Kowa ya zuba mini ido. Na tuna da kakata da turken raƙumi.

Na ce, "Ba ni ba da aron kabari. Abin da anka ara ana karɓa."

Na ga kafaɗunta sun sauka. Na ce ta tashi mu je. Na kira wanku, lokacin ya yi iyali, gonar tashi ce da ƙannenshi. A kusurwar gabas, ƙarƙashin dogon yaro mafi girma, na ja layi da ƙafata, faɗin mutum biyu, na ce wanku ya jera duwatsu a kai. Na ce gaban liman da maigari, wanga wuri kyauta ne, ya fita daga gonarmu har abada, sauran gona kuma daga yau ta dawo hannun masu ita. Wanku ya ce ya yarda. Jummai ta dubi faɗin wurin, ta dube ni. Bayan shekaru ita ma can munka kai ta.

To ga abin da nake so ku riƙe. Kusurwar nan ba taku ba ce, kada garma ta taɓa ta, kada ku ɗaure dabba. Sauran kuwa taku ce kaf, da itatuwan, ni na dasa su, akwai jikokin shaidu. Duk wanda ya zo, daga gidan Baba Abdu ne ko daga Ingila, ku ba shi ruwa ya sha, ku nuna mashi iyaka.

Kuna yawan tambayata ko daga baya na gano abin da ya kawo su. Ban gano ba. Na sa wa mutumin nan ido tun daga ranar da ya ɗauki dutsen farko har ranar da anka rufe shi, ban kama shi da komai ba. Ban ce babu ba, na ce ban kama ba. Duk kaka in an yanke hatsi, nakan sa a aje mini zangarniya guda bisa duwatsun nan, kuma ba sadaka ba ce. Allah shi ya san zuciya. Ni ƙasa na sani.